Ranar da Barkono Ya Shiga Jabana

Ku samarin fadar bakin tasha, na ji abin da kuka faɗa jiya, kada ku ɗauka kunnena ya tsufa tare da ni. Wai za ku sayi fulas da gwangwanin garin gahawa ku kafa tebur kusa da nawa, tunda sana'ar Baba Ari ba komai ba ce sai ruwan zafi da sukari. To Allah ya ba da sa'a, tasha ta kowa ce. Amma ku jawo benci in ba ku labarin tukunya ɗaya da na dafa a shekarar da aka hana sayar da tattasai. In kun ji, wanda ya ga abin da sauƙi ya je ya sayo fulas ɗinsa.

Diffa garin shayi ne, ban musa ba. Tun ina yaro haka na tarar, kowace inuwa da butarta a kan gawayi. Mai gahawa ɗaya ne a garin nan lokacin, Alhaji Mele, kuma a hannunsa na koya. Shi mutumin bakin kogi ne, Komadugu ya haife shi, amma ya tafi Makka a ƙasa yana saurayi, irin tafiyar mutanen da. Ya ratsa Cadi, ya zauna Sudan shekaru yana tsinkar auduga don ya sami guzuri, har ya kai gabas can kusa da iyakar Habasha. A nan ya ga mutanen da ba sa fara magana da safe sai sun sha gahawa. Da ya dawo gida gemunsa ya yi fari, bai zo da dukiya ba. Ya zo da kaskon suya mai dogon hannu, da tukunyar yumɓu mai dogon wuya da ake kira jabana, da ƙaramin turmi na baƙin itace da taɓaryarsa ta ƙarfe.

Aikina na farko a wurinsa tsince ne. Zai zube ɗanyar ƙwaya a faifai, in zauna in fitar da tsakuwa da wadda ƙwaro ya huda da wadda ta yi baƙi. In na gama ya sa yatsa ya juya, ya ɗauko guda ɗaya mai lahani ya ajiye mini a gwiwa. Sai in sake daga farko. Yayin da nake tsincen nan ne yake ba ni tarihin abin da ke hannuna. Ya ce itacen ɗan duwatsun Habasha ne, can Allah ya fara tsiro da shi. Mutanen can suna cewa wani makiyayi ne ya ga awakinsa sun ci jajayen 'ya'yan sun hana kansu barci, suna tsalle kamar an sa musu kiɗa. Alhaji ya ce shi bai ga awakin ba, don haka ba zai rantse ba. Abin da ya tabbatar shi ne daga Habasha ta ƙetare teku zuwa Yaman, inda masu zikiri suka riƙa shanta don kada gyangyaɗi ya ɗauke su. Daga nan ta shiga Makka, har malamai suka yi gardama a kanta, aka hana, aka dawo aka bari. Mahajjata suka watsa ta duniya. Turkawa suka ɗauka, Nasara suka gani wurin Turkawa, suka yi dabara suka fitar da iri suka dasa a ƙasashen da suka mallaka.

"Ka ga abin kunya, Ari," in ji shi. "Abu ya tashi daga maƙwabtanmu, ya zaga duniya, ya dawo mana a gwangwani an cire masa rai. Ni dai ta hanyar da ta bi tun farko na kawo ta, a kaina."

Sai da na daɗe kafin ya bar ni na taɓa kasko. Suya ita ce sana'ar, sauran duk hidima ce. Wuta ta zama garwashi, ba harshe ba. Hannu ba ya tsayawa, kana girgiza kasko kana saurare. Ƙwayar za ta tashi daga kore ta koma ruwan ƙasa, ta fara ƙara tas-tas, sannan ta yi gumi ta fito da maiƙo. Tsakanin wannan gumi da ƙonewa babu nisa. In wani ya yi maka sallama a daidai lokacin, ka amsa da baki, idonka na kan kasko. Na ƙona masa ƙwaya ba sau ɗaya ba, kuma duk wadda na ƙona ni ya sa na dafa na shanye.

Amma dokarsa mafi tsanani a kan turmi take. Ba a ba da aronsa, ba a daka komai a ciki sai gahawa da citta, kuma ruwa ba ya taɓa shi, sai dai a goge da busasshen ƙyalle. Ya ce itace yana da tuni, abin da ya sha ba ya mantawa, kuma duk ranar da ƙwaya mai zafi ta shiga zai amayar da shi. Cikin turmin nan ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi saboda shekarun maiƙo. In taɓarya ta sauka yana da wata ƙara mai zurfi da ake ji daga bakin titi, masu saye ma da ita suke sanin an fara. Da Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka raba gona da awaki, ni aka miƙo mini kayan gahawa don babu mai so.

Da su na ci abinci shekara da shekaru. Masu shan nawa ba su da yawa, amma ba sa canja wuri: direbobin Cadi, tsofaffin Larabawa masu raƙuma in sun shigo kasuwa, Tubawa 'yan fatauci, da alhazan da suka saba da ita a can. Ƙwaya kuwa direbobi ke kawo mini, wata ta Kamaru, wata ta Habasha in an yi sa'a.

Sai shekarar nan ta zo. Ku kuna yara, amma kun san abin da nake nufi. Mutanen daji suka addabi ƙetaren kogi, sannan suka fara tsallakowa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan moto, wato babur, aka hana fatauci da tattasai don an ce kuɗinsa na isa hannun da bai kamata ba. Tattasai kuwa shi ne rayuwar kwarin nan. Buhuna suka cika ɗakuna da zauruka, babu mai saye, duk inda ka shiga warinsa ya riga ka, har hancinmu ya daina jin sa. Hanya ta mutu, direbobina suka ɓace. Ƙwayar gahawata ta tashi daga buhu ta koma kwano, daga kwano ta koma ɗan ƙulli a tsumma wanda na ɓoye na ce ba zan taɓa ba. Na koma sayar da shayi kamar kowa, ina jin kunyar kaina.

A shekarar kowa a Diffa yana da baƙi. Ni ma matata Yagana ta shigo da wata mata da ta tarar a bakin famfo da 'ya'ya ƙanana, ba ta san kowa ba. Sunanta Ya Bintu, daga ƙetare ta gudo, an ƙone garinsu, mijinta kuma ba a san inda yake ba. Muka ba ta rumfar bayan gida. Mace ce mai zuciya, ba ta son zama a ba ta. Ta samo barkono da tattasan da ake zubarwa, ta riƙa haɗa yaji tana ƙullawa tana kaiwa bakin kasuwa.

Ga abin da ban sani ba sai daga baya. Wata rana ina tasha, Yagana ta tafi gidan suna, maƙwabta sun ari babban turmin gida. Ya Bintu ta leƙa ɗakin ajiya ta ga wani ƙaramin turmi a kan wata kanta, an daɗe ba a taɓa shi ba. Wa zai gaya mata? A garinsu turmi turmi ne. Ta daka barkononta tas. Da ta gama, saboda tsabta da gudun laifi, ta wanke shi da ruwa da toka, ta shanya, ta mayar inda ta ɗauka.

Ba a daɗe ba sai ga bulama, wato mai garin wani ƙauye na bayan Gagamari, ya zo tasha da kansa, a ƙafa, ya zauna a bencin nan da kuke kai. Bai karɓi shayi ba. Ya ce:

"Malam Ari, gahawa muke nema. Ta gaske, ta jabana."

"Bulama, a wannan shekara? Wa zai yi biki?"

"Ba biki ba ne. Rai ne."

Ya ba ni labari. Wani manomi a ƙauyensa, Ba Kiari, yana da ɗa saurayi mai suna Madu. Raƙuman wasu Larabawa da rashin tsaro ya koro daga wajen tafkin Cadi suka faɗa musu gonar tattasai. Madu ya tarar da su cikin shuka, zuciya ta ɗebe shi, ya sari wata raƙuma a ƙafa da adda har sai da aka yanka ta. Mai kiwon, wani saurayi Idirisa, ya yi kansa, suka yi kokawa, Idirisa ya tashi da rotse a goshi. An zubar da jini ke nan. Maganar ramuwar raƙuma dattawa sun daidaita ta. Abin da ya rage ya fi ta muni. Idirisa ya rantse zai shiga gari ya ce ya ga Madu yana tsallaka wa mutanen daji da buhunan tattasai. Ƙarya ce, kowa ya sani. Amma a lokacin in aka kai sunan mutum da irin wannan magana, kafin a gano gaskiya uwarsa ta gaji da kuka, in ma an gano.

Mutum ɗaya ne zai iya rufe bakin Idirisa, kawunsa Alhaji Hamdan, babban zuriyarsu. Ya yarda zai zo a zauna, amma ya aiko da sharaɗi. Ya ce a wurinsu ba a rufe maganar jini da shayi. A soya gahawa a gabansa. In ya sha, magana ta mutu har abada, babu wanda zai sake tada ita. In ya ajiye finjali bai sha ba, kowa ya kama gabansa.

Na san Alhaji Hamdan, ya sha zama a teburina. Tsoho ne siriri, ba ya yawan magana, kuma ya san gahawa fiye da duk wanda na taɓa zuba wa. Na tuna ƙullin nan nawa. Tukunya ɗaya zai yi, ba ƙari. Na ce wa Bulama zan zo.

Da sassafe na haɗa kaya a amalanken jaki, tunda moto ya haramta. Da na ɗauko turmi na ga cikinsa ya ɗan yi haske, na ce a raina Yagana ce ta goge ƙura. Na sunsuna, ban ji komai ba. Me zan ji? Rigata ma warin tattasai take, ruwan randa ma haka.

An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata tsamiya a ƙofar gidan Bulama, hantsi ya ɗaga. Manoma a hannun dama, Larabawa a hagu, ni da murhuna a tsakiya. Ban taɓa zama wuri mai shiru irin wannan ba. Mutane sun cika wurin amma kana jin kukan kurciya. Madu na bayan ubansa, kansa a ƙasa, leɓensa ya bushe. Idirisa na gefen kawunsa da ƙyalle ɗaure a goshi, wuƙa a damtse kamar yadda suke ɗaurawa. Daga cikin gida ina hango mata sun taru a bayan zana, na san uwar Madu na cikinsu.

Na hura gawayi, na jefa turaren wuta a kasko ɗaya, na zube ƙwayar a ɗayan. Na riƙa girgiza kasko ina saurare, kamar yadda Alhaji Mele ya koya mini. Ƙwayar ta Habasha ce, ta tsufa amma ba ta lalace ba. Ta yi ƙara, ta yi gumi, na ɗauke a daidai lokacin. Na tashi na zaga da kasko yana hayaƙi kamar yadda ake yi, kowa ya jawo ƙamshin da hannu zuwa fuskarsa. Da na zo gaban Alhaji Hamdan ya lumshe ido ya shaƙa, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Na ga kafaɗar Bulama ta sauka.

Na juye ƙwayar da zafinta cikin turmi, na jefa citta, na fara daka. Ƙarar taɓarya ta cika wurin. Na zuba garin a jabana, na ɗora a garwashi, na tsare ta. Jabana ba a barinta ta yi ambaliya, in kumfa ta hau wuya sai ka ɗaga, ta kwanta ka mayar. Da ta yi, na zaunar da ita a gammo don gari ya kwanta, na toshe bakinta da zaren dabino don tacewa, na jera finjalai a faranti.

A al'adar wannan zama, mai dafawa ne ke shan finjalin farko a gaban kowa, don a san babu cuta a ciki. Na zuba, na yi bisimilla, na kurɓa.

Farko ɗacin gahawa ne, mai kyau, sai citta. Sannan wani abu ya taso daga baya ya kama mini harshe, ya gangara maƙogwaro kamar an zuba garwashi. Bayansa kuma ga ɗanɗanon tattasai sak, wanda duk ɗan kwarin nan zai gane ko cikin barci. Nan take na tuna hasken cikin turmi, na tuna ƙulle-ƙullen yajin Ya Bintu. Tari ya taso na danne shi, ido ya kawo ruwa na sunkuyar da kai kamar ina gyara wuta.

Ku da kuke cewa ruwan zafi ne da sukari, ku gaya mini abin da za ku yi. Mutanen nan a kan tattasai aka sari raƙumarsu. In na miƙa wa dattijonsu finjali ya ji tattasai da barkono a ciki, me zai ce? Manoma sun haɗa baki da mai gahawa sun yi masa ba'a a gaban jama'arsa. In na zubar da tukunyar, za a ce na ji guba. Wata ƙwaya kuma babu, daga nan har inda hanya ta tsaya. In na yi shiru na ƙara sukari, tsohon nan ba yaro ba ne, kurɓa ɗaya ta ishe shi. Ta ko'ina na duba, Madu nake gani ana tafiya da shi.

"Malam Ari," in ji Bulama a hankali, "zuba mana."

Ban zuba ba. Na ajiye finjalin, na juya wajen Alhaji Hamdan, muryata a shaƙe saboda yaji.

"Alhaji, ka san hannuna. Wannan gahawa ta ɓaci. Akwai barkono a ciki, da tattasai. Daga turmi ne, an daka yaji a cikinsa ban sani ba. Ba zan miƙa maka ita a matsayin mai kyau ba."

Kafin in rufe baki Idirisa ya miƙe.

"Kun gani! Na faɗa muku! Tattasai za su ba mu mu sha, su yi mana dariya har jikoki!"

Hannunsa ya tafi damtse. Samarin manoma su ma suka miƙe, wani ya jawo sanda daga ƙarƙashin tabarma. Bulama na cewa a zauna, babu mai jin sa. Daga bayan zana wata mata ta saki salati. Ba Kiari ya riƙe ƙafar ɗansa da hannu biyu don kada ya tashi. Ni ina tsakiya, jabana a gabana, na tabbata in wani ya yi tuntuɓe da murhuna a lokacin sai an kwashi gawa.

Alhaji Hamdan bai motsa ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya, Larabawa suka yi shiru, shirun ya ci ɗaya ɓangaren. Ya dube ni da Hausarsa mai nauyi ya ce:

"Wa ya daka?"

Tambayar da nake tsoro ke nan. Mace ce daga ƙetare, mijinta ya ɓace, ba ta da kowa. A shekarar da suna ke kashe mutum, zan ɗauki nata in ajiye a gaban saurayi mai neman wanda zai kai ƙara?

"Baƙuwata ce, Alhaji."

"Sunanta."

"Ba zan faɗa ba. A gidana take kwana, tuwona take ci. In akwai laifi, turmina ne, ɗakina ne."

Idirisa ya yi wata dariya marar daɗi. Tsohon bai kalle shi ba. Ni ya ci gaba da tambaya:

"Ba ta da nata turmin?"

"Ya ƙone tare da gidanta, a ƙetaren kogi."

"Yajin na mene ne?"

"Sayarwa take, ta ciyar da 'ya'yanta."

Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Na san shi ma ya baro rijiyoyinsa da kaburburan iyayensa a wajen tafki, ba don yana so ba. Ban san abin da ya tuna ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Sai ya miƙo hannu.

"Zuba."

Wani ɗansa ya matso ya yi masa magana da Larabci, na tsinci abin da yake cewa: likita ya hana shi yaji, cikinsa na da gyambo. Tsohon ya ture hannunsa. Na zuba, na miƙa masa. Ya karɓa da dama, ya ɗaga don kowa ya gani.

"Raƙumata ta ci tattasan mutanen nan ba a ba ta ba," in ji shi. "Ni an gaya mini abin da ke ciki kafin a ba ni."

Ya kafa kai ya shanye. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, jijiyar goshinsa ta tashi, hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Bai yi tari ba. Ya miƙo finjalin ya ce in sake cikawa, ya juya ya ba Idirisa.

"Ka ce kana da maganar da za ka kai gari. Karɓi, ka haɗiye ta da wannan."

Idirisa ya tsaya. Wannan tsayuwar ita ce mafi tsawo a rayuwata. Ya kalli Madu, ya kalli kawunsa da hawaye a fuska, ya sauke hannu daga damtse. Ya karɓa ya sha, ya sarƙe, ya durƙusa yana tari kamar ransa zai fita. Sai aka ba Madu, shi ma ya sha ya bi sahu. Ba Kiari ya sha, Bulama ya sha. Kafin jabana ta ƙare duk gindin tsamiyar nan tari ne da share hanci, manya da gemu suna neman ruwa. Babu wanda ya yi dariya sai da aka shafa fatiha. Uwar Madu ta aiko mini da kaza, na kasa ko yi mata godiya don muryata ta tafi.

Na ji daga baya Alhaji Hamdan ya kwanta kwanaki saboda cikinsa. Na je gaishe shi a zangonsu, ya ce in hanya ta buɗe yana bina tukunya mai kyau, wato shi zai zo ya sha. Allah bai nufa ba, ya rasu kafin direbobi su dawo. Wannan yana cina har yau.

Ranar sulhun nan, labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Ya Bintu a bakin ƙofa, ta ɗaure kayanta a zane, 'ya'yanta na riƙe da ita. Yagana na ta ba ta baki ta ƙi.

"Baba Ari, na kusa sa a kashe mutane. Ban san turmin ba ne, wallahi ban sani ba. Bari in tafi."

"Ina za ki?"

"Inda Allah ya kai ni."

Na sauke kaya daga amalanke, na ɗauko turmin na duba cikinsa. Na san ya gama aikin gahawa. Ko shekara nawa zan yi ina gogewa, duk ranar da ƙwaya mai zafi ta shiga sai ya tuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, turmin nan ya ga Sudan, ya ga hannun maigidana. Na miƙa mata shi da taɓaryar.

"Ya Bintu, kwance kayanki. Riƙe wannan."

"In yi me da shi?"

"Ki daka yaji. Shi ya iya yanzu."

Wannan turmin da kuke gani a gefena sabo ne, wani masassaƙi ya yi mini da hanya ta buɗe. Ya yi shekaru yanzu, amma har yau cikinsa bai yi baƙin wancan ba, kuma ƙararsa ba ta kai titi. Madu kun san shi, shi ne mai kawo buhunan tattasai tasha ranar kasuwa, mai 'ya'ya mata. Ba ya shan gahawa, ya ce ko ƙamshinta ya ji sai maƙogwaronsa ya kama, amma bai taɓa wuce teburin nan bai sauke mini gawayi ba.

Ya Bintu ta zauna da mu har aka kai su sansanin 'yan gudun hijira na Sayam. Bara na je can ta'aziyya, na ce bari in neme ta. Wuri ne mai faɗi, rumfuna iri ɗaya, na yi ta tambaya babu wanda ya gane wadda nake nufi. Har na juya zan koma wajen mota, sai na ji ƙarar taɓaryar ƙarfe a kan itace, mai zurfi, daga can bayan wani layi. Ban ƙara tambayar kowa ba. Na bi ƙarar nan har ƙofar rumfarta, ina tafe ina atishawa.